A Ce Wa Kamfanin Asiransi Albarka

Yau maganar asiransi ce, wadda a Najeriya ake cewa inshora.

In wata mota ta bugi kamyon shanu, a ce tsakanin Maraɗi da Ɗan Isa, jandarmomi suka zo suka auna, laifi ya tabbata a kan wancan direba, kamfanin asiransinsa ne zai biya. Har nan babu gardama. Gardamar tana wajen nawa. Kamfani zai turo nasa mai kimantawa, mutumin da ya san kuɗin taya da gilas amma bai taɓa wuni a kasuwar shanu ba. Bajimin da aka yi wata 4 ana turke da shi, ana ɗura masa dusa da harawa don kasuwar Legas, sai ya lissafa shi da kuɗin nama. Waɗanda suka karye aka yanka a bakin hanya, mahauta suka saye da arha, ɗan abin da aka samu ma sai an zabge shi daga lissafi. Wai kuma a miƙo maka takarda ka sa hannu!

Ni dai na ce kada a sa. Takardar nan shaida ce cewa ka yarda an sallame ka. Mu da kullum muke cewa albarka in an yi mana tayin banza, don me bakinmu zai mutu a ofis? Dokar asiransi ta CIMA, wadda ta fara aiki a 1995 a Nijar, Benin, Kamaru, Cadi da sauransu, ta ba wanda aka yi wa ɓarna shekara 5 daga ranar haɗari ya kai ƙara. Gaggawar me?

Amma fa ofis ba ya jin rantsuwa, takarda yake ji. Kafin wuƙa ta hau wuyan sa, a nemo likitan dabbobi ya rubuta kowace dabba da shekarunta da jikinta, a ɗauki hoto da waya, a adana rasit ɗin kasuwa da takardar jandarma. Kana da damar kawo naka mai kimantawa. In sun ƙi, akwai sashen kula da asiransi a ma'aikatar kuɗi, bayansa kotu.

Mai shanu 3 ba zai iya biyan lauya ba, shi ya sa yake karɓar rabi ya yi shiru. Ina roƙon shugabanni, a zama mai zuwa a yanke abin da za a riƙa cirewa a kan kowace mota, ƙungiya ta riƙe lauya ɗaya.