Dokar Da Ta Tsufa: Hana Mata Aikin Dare

Jama'a, akwai wata doka da nake so mu zauna mu duba. Sashe na 55 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, ta 1974, ya hana a ɗauki mace aikin dare a masana'anta ko a gona. A masana'anta, daren ya haɗa da ƙarfe 10 zuwa 5 na asuba. An keɓe ma'aikatan jinya da manyan jami'ai waɗanda ba sa aikin ƙarfi.

To, ina tambaya: wa aka kāre? Ma'aikaciyar jinya a asibitin Kalgo tana kwana kan marasa lafiya, doka ta yarda. Ungozoma a Gwandu tana fita tsakar dare karɓar haihuwa, mai tuwon tasha tana kai wa goshin asuba, ba mai cewa uffan. Amma injinan casar shinkafa na Birnin Kebbi da Argungu, inda ake biyan albashi, nan ne dare ya zama dodo! Alhali matan nan su ne suka gaji turara shinkafa tun kaka da kakanni.

Dokar ma aro ce. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da irin wannan hani a 1919, ta sabunta shi a 1934 da 1948. A 1990 ta fito da Yarjejeniya ta 171, wadda ta kāre ma'aikacin dare, namiji ko mace: a duba lafiyarsa, mai ciki kuma a sama mata mafita daga aikin dare na aƙalla mako 16 kafin haihuwa da bayanta. A 2017 ta soke yarjejeniyoyin 1919 da 1934. Mai riga ya tuɓe, ɗan aro yana ta kwalliya. Ga kuma sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna bambancin jinsi.

Wani zai ce, "Ai dare da hatsari, ga batun mutunci." Gaskiya ne. Amma maganinsa motar kai ma'aikata gida, da fitila, da masu gadi. Hani kuwa sauƙaƙa wa mai masana'anta ne: ya ƙi ɗaukar mace, ya fake da doka.

Ban ce a tilasta wa kowace mace fita da dare ba. Na ce a bar mata zaɓi, ita da iyalinta. 'Yan'uwana ɗalibai, musamman masu karatun shari'a, mu rubuta wa wakilanmu na Majalisar Tarayya su goge wannan sashe.