Satar Fasaha: Mu Ma Hannunmu Dumu-Dumu Yake

Da wuya mu yi taron marubuta a tashi ba a yi kukan satar fasaha ba. Wannan ya ce an ɗauki hoton littafinsa shafi-shafi an watsa a WhatsApp, waccan ta ce wata ta biya kuɗin karatun mutum ɗaya ta raba wa mutum ɗari. Sai a yi ta jan Allah ya isa. Kukan gaskiya ne, ba mu musa ba. To amma, 'yan'uwa, da za a ce kowa ya ɗora wayarsa bisa tebur a buɗe, mu nawa ne za mu fita kunya? Finafinan Kano, da na Indiya, da waƙoƙi, har da wasannin ƙwallo na kwamfuta da muke sa wa 'ya'yanmu, nawa muka biya masu su? Yaron da ke tura wa jama'a a bakin titi kaɗai ya ga kuɗinmu. Laifi tudu ne.

Mu da muka haura arba'in a gabanmu aka yi komai. Muna yara ƙungiyar Tumbin Giwa ta fito da Turmin Danya a 1990, muka ga yadda Ƙofar Wambai ta cika ta batse da dillalan kaset, daga baya faifai. Muka kuma ga yadda kasuwar ta mutu murus bayan waya ta shiga hannun kowa. Ba mu ce sata kaɗai ta kashe ta ba, matsin tattalin arzikin 2016 ma ya yi nasa ɓarin. Amma wa zai sayi faifai alhali an tura masa fim biyar da kuɗin da bai kai na faifai ɗaya ba? Masu shirya fim suka gudu YouTube da gidajen talabijin. Kada kuma mu manta, da yawa daga cikin labaran finafinan nan 'yan'uwanmu marubuta ne suka hana idonsu barci suka rubuta. Ashe tukunyar gidanmu muke yasa.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce wai ba a ɗauke wa kowa komai ba, tunda fim ɗin yana nan a hannun mai shi. Mu malaman makaranta mun san wannan zance. Ɗalibin da muka kama yana satar amsa shi ma bai yaga takardar maƙwabcinsa ba, guminsa ya kwashe, kuma ba mu taɓa ƙyale shi don haka ba. Masu cewa addini bai san wannan haƙƙi ba, su sani Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta zartar cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira abin kiyayewa ne a shari'a, ba ya halatta a keta shi.

Sai batun talauci, wanda albashin malami ya hana mu raina shi. Sai dai mai kuɗin sayen data ya sauke fim ba zai ce yunwa ce ta sa shi ba. Fim ba tuwo ba ne. Inda muka sassauta shi ne tsofaffin waƙoƙin da babu inda ake sayar da su, waɗanda ba don masu kwafa ba da tuni sun ɓace. Wannan daban, sabon aikin da mai shi ke bin bashi a kansa daban.

Doka kuwa akwai ta. An sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya a 2023, kuma ta taɓo intanet. Amma an rufe Napster a Amurka a 2001, an yanke wa masu Pirate Bay hukuncin ɗauri a Suwidin a 2009, sata ba ta ƙare ba. Ɗan sanda ba zai bi aljihun kowa ba.

Don haka muna kira ga shugabannin ƙungiya: kafin a sake kai ƙorafinmu gaban Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka, a ware rabin sa'a a taro mai zuwa, a gayyato mawaƙi ɗaya da mai shirya fim ɗaya, su faɗa mana a gaban idonmu nawa suka kashe a aikinsu na ƙarshe, nawa kuma ya dawo.