Gasar Kamfanonin Waya: Ina Rabon Mutanen Karkara?

Waɗanda suka manyanta a cikinmu za su tuna zamanin da kamfanin NITEL kaɗai ke riƙe da wayar tarho a ƙasar nan. Kafin shekarar 2001 layukan da ke aiki duka-duka wajen 400,000 ne. Mutumin Nasarawa Burkullu in yana da saƙo zuwa Gusau ko Sakkwato, sai dai ya ba direba wasiƙa.

Gwamnatin soja ta kafa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, a 1992, amma ba a ga amfaninta sosai ba sai a Janairun 2001, lokacin da ta yi gwanjon lasin wayar salula. MTN da Econet kowannensu ya biya dala miliyan 285. Da farko layi ɗaya yakan kai naira 20,000, kira kuwa naira 50 a minti, ko da daƙiƙa biyar mutum ya yi. Da Glo ya shigo a 2003 yana lissafi da daƙiƙa, sauran suka bi sahu tilas. A 2013 hukumar ta ba da damar mutum ya sauya kamfani ba tare da ya rasa lambarsa ba. Babu shakka gasa ta sauƙaƙa wa talaka.

Amma gasa tana da iyaka. Ɗan kasuwa inda riba take can yake zuba jarinsa. Ƙarfen sabis guda yana bukatar janareta da man dizal da mai gadi da hanyar da injiniya zai bi. A ƙauyukan Anka da Gummi da Bukkuyum mutane a warwatse suke, katin da suke saye kaɗan ne, ga kuma 'yan bindiga a hanya. Saboda haka a birni kamfanoni suna rububin mai waya, a ƙauye kuwa mai waya ne ke hawa tudu yana neman sabis.

Zamfara ta ɗanɗana rashin waya a Satumban 2021, sa'ad da NCC ta umarci kamfanoni su rufe layuka a jihar bisa roƙon Gwamna Bello Matawalle, domin yaƙi da 'yan bindiga. Yawancin jihar ta yi kusan wata uku a haka. Masu POS suka tsaya cik, aika kuɗi ya gagara, mai neman labarin ɗan'uwansa sai ya tsallaka wata jiha. Kamfanin da ya ga an kashe masa kasuwa dare ɗaya kuma zai yi nawa wajen ƙara jari.

Doka ta riga ta yi tanadi. Dokar Sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF domin kai waya wuraren da babu riba, daga kuɗin da kamfanoni ke biyan hukumar. Wannan ya yi daidai da koyarwar Littafin Firistoci sura 19, inda aka umarci manomi ya bar gefen gonarsa saboda matalauci da baƙo. Hukumar tana kuma da ikon sa kamfanoni su yi tarayya a kan ƙarfe ɗaya, kuɗin gini ya ragu.

A Janairun 2025 NCC ta yarda a ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100, saboda tsadar dizal da faɗuwar naira. To, in talaka ya ɗauki ƙarin, ya dace hukumar ta ɗaure kamfanoni da sharaɗin kai sabis karkara, ta kuma bayyana abin da asusun ya yi a kowace ƙaramar hukuma.

Mu ma da namu aikin. Dattawan ikkilisiya su haɗa kai da hakimai da limaman maƙwabtanmu Musulmi, a rubuta sunayen ƙauyukan da ba su da sabis, a miƙa wa NCC da wakilanmu a majalisa. Inda aka kafa ƙarfe, jama'a su tsare shi daga ɓarayin batir da dizal. Ubangiji ya ba shugabanninmu hikimar yin adalci. Amin.