Hukumar Kare Gine-ginen Tarihi: Kada Ta Zama Kyanwar Lami

'Yan uwa malamai, mu ne ake ɗora wa nauyin koyar da tarihi, saboda haka muna da bakin magana a kan wuraren da tarihin ya bar sawunsa. Ra'ayinmu shi ne, sanya sunan gini a jerin kayan tarihi ba ya kare shi daga rusau. Abin da ke kare shi hukuma ce ta kusa wadda doka ta ba ikon cewa a'a, ta kuma hukunta wanda ya yi kunnen ƙashi. Amurka ta koyi wannan ne bayan ta yi asara.

A shekarar 1963 aka fara rushe tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania da ke birnin New York. Masana gine-gine sun yi zanga-zanga, jaridu sun yi ta kuka, amma babu dokar da za a kafa hujja da ita, domin gini na mai shi ne. Takaicin wannan ne ya taimaka aka kafa dokar birnin ta 1965, wadda ta ba wata hukuma mai mambobi 11 ikon ayyana gini ko unguwa a matsayin kayan tarihi. Dokar ta ce lalle a samu masu zanen gine-gine aƙalla uku a cikinsu, da masanin tarihi, da dillalin gidaje, da mazaunin kowace gunduma daga gundumomi biyar na birnin. Da zarar an ayyana gini, mai shi ba zai rushe shi ko ya sauya fuskarsa ba sai da izininta. Wanda ya saɓa, ana iya tsayar masa da aiki, a ci shi tara, ko a kai shi kotu. Har wanda ya bar gini ya lalace da gangan domin ya faɗi da kansa, wato dabarar da mu ma mun san irinta, ana iya gurfanar da shi a tilasta masa gyara.

Masu dukiya ba su karɓi wannan da hannu biyu ba. Kamfanin Penn Central ya nemi ɗora bene mai hawa sama da 50 a kan tashar Grand Central, hukumar ta hana, shari'a ta kai Kotun Ƙoli. Hujjar kamfanin ba ta banza ba ce: tsarin mulkin Amurka ya hana gwamnati karɓe dukiyar mutum ba tare da diyya ba, su kuwa suna ganin hana su gini ƙwace ne a fakaice. A 1978 alƙalai shida suka ba birnin gaskiya, uku suka saɓa. Dalilinsu kuwa, tashar na nan tana aikinta, kamfanin na iya samun riba daidai gwargwado, kuma doka ta yarje masa ya mayar da haƙƙin ginin da aka hana shi zuwa wasu filaye na kusa. Wannan gaɓar muke so a lura da ita. An ba hukuma sanda, amma an bar wa mai gini ƙofar kai ƙara da hanyar rage asara.

Akwai kuma rajistar ƙasa da dokar tarayya ta 1966 ta kafa. Shiga cikinta daraja ce, amma ba ta hana mai gini rushe abinsa idan ba kuɗin tarayya ko izininta ya shiga aikin ba. Haƙoran suna hannun birane ne, bisa ikon da jihohi suka ba su.

To, ina muka tsaya? Hukumarmu ta gidajen tarihi da wuraren tarihi, wadda aka kafa a 1979, ta tarayya ce. Filayen birni kuwa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa su a hannun gwamna, izinin gini ma hukumomin jiha ke bayarwa. Mai gadi daban, mai riƙe da makulli daban. Duk wanda ya zagaya badalar Kano, wadda aka faro tun zamanin Sarki Gijimasu, ya ga yadda gine-gine suka ci ta, ya san abin da wannan rarrabuwa ta haifar.

Mu malamai abin ya fi shafa, domin wasu daga cikin gine-ginen nan gadon sana'armu ne. Gidan Ɗan Hausa na tuna mana makarantar Nasarawa ta 1909, tsohon ginin Kwalejin Katsina kuwa ya zama gidan tarihi. Waɗannan sun tsira. Amma tsofaffin azuzuwan elemantare da midil da ke garuruwanmu fa, waɗanda ake yanka filayensu ana yin shaguna?

Muna kira ga uwar ƙungiya ta jiha da ta gabatar wa majalisar dokoki buƙatar kafa kwamitocin kare gine-ginen tarihi a matakin ƙaramar hukuma, da wakilin masarauta, da mai zanen gini, da malamin tarihi a ciki. Kada a ba da izinin rusau ko yanka fili a wurin da aka ayyana sai da sa hannunsu. A kuma tanadi tallafin gyara ga talakan da ya gaji soron ƙasa, domin ba adalci ba ne a hana shi rushewa a bar shi da yaɓe duk damina. Kafin taron reshe mai zuwa, kowace makaranta ta aiko mana da sunan gininta mafi tsufa, da shekarar da aka gina shi, da hoton halin da yake ciki.