Kada mu gaggauta ɗaura wa dukushi sirdi

Duk wanda ya taɓa ganin mahayan Zarmakoy na Dosso sun fito da lifidi ranar salla ya san doki abin alfahari ne a jaharmu. Amma a ƙasar Gaya, inda fatauci ke gudana tsakaninmu da Malanbil ta Benin da Kamba ta Najeriya, wata ɗabi'a tana ɓata mana dawaki, wato gaggawar hawan dukushi. Sai mutum ya sayi ɗan shekara 2, bai yi wata guda a turke ba an ɗaura masa sirdi an kai shi sukuwa, don a ce ya horu a sayar da shi da tsada. Wannan kuskure ne.

Bakin doki shi ne takardar haihuwarsa. Yana famfarar haƙoran gaba na tsakiya a shekara 2 da rabi, na kusa da su a shekara 3 da rabi, na gefe a shekara 4 da rabi. Sai ya cika shekara 5 bakinsa ke cika. Likitocin dabbobi kuma sun tabbatar cewa ƙasusuwan ƙafa ke fara ƙosawa, ƙashin baya ne na ƙarshe, sai wajen shekara 5 zuwa 6. To, a bisa wannan bayan ne mahayi ke zama. Wanda ya yi gaggawa, abin da zai girba shi ne miki, da ɗingishi, da doki mai tutsu. Ga shi Gaya na cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar, ƙudan tsando na kawo sammore a bakin kogi, dukushin da aka gajiyar kuwa ba ya jimre wa cuta.

Wasu za su ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma horo daban, hawa daban. Tun yana ɗan shekara guda a saba masa da hannu da ragama da ɗaga kofato. A shekara 2 a riƙa jan sa, a ɗora masa jalala. Idan ya cika shekara 3 a sa masa sirdi ba mahayi har makonni, sannan mara nauyi ya hau shi a yi gajeren kilisa. Sukuwa da lifidi su jira shekara 5.

Wasu kuma za su ce a Ingila ana tseren ƴan shekara 2. Haka ne, amma neman kuɗi ne ya kawo shi. A makarantar dawaki ta birnin Biyana a Ostiriya, sai doki ya kai wajen shekara 4 ake fara horonsa, kuma yana aiki har tsufa.

Ciyar da dokin da ba a hawa da nauyi, harawa da dusa ba kyauta ba ne. Amma dokin da aka yi wa haƙuri yana iya aikin shekara 15, wanda aka karya kuwa hasara ce ɗungum.

Saboda haka muna kira ga sarakuna da ma'aikatan kiwo su sa a duba bakin kowane doki kafin a shigar da shi sukuwa. Sauri ya haifi nawa. Allah Ya sa mu gane.