Kada a Kai Tsofaffin Laftof Ɗinmu Bola

Duk wanda ya taɓa leƙa siton da ke bayan ɗakin kwamfuta ya ga laftof ɗin nan da aka jibge a kwali, ƙura ta lulluɓe su. An ce sun mutu. Mu a ƙungiyar 'yan jarida ba mu yarda ba, don mun gwada mun gani.

Makon jiya, da izinin malamin kwamfuta, muka ɗauko guda ɗaya. Windows XP ce a kanta, wadda Microsoft ya daina kula da ita tun watan Afrilun 2014. In ka kunna ta, sai ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama buɗewa ba. Sabuwar Windows kuwa ta fi ƙarfinta nesa ba kusa ba.

Sai muka nemo wata babbar manhaja mai suna Puppy Linux, wadda wani ɗan Ostireliya, Barry Kauler, ya fara fitarwa a 2003. Kyauta ce, kuma ba ta da nauyi. Tsohon samfurinta muka zaɓa, daidai da shekarun na'urar, muka zuba a filash.

Ba a tashi ɗaya aka ci nasara ba. Sau biyu muna kunnawa tana komawa Windows ɗinta kamar ba ta ga filash ɗin ba. Ashe sai an danna F2 da zarar ta kawo wuta, a shiga saitin ciki a gaya mata ta fara duba filash kafin komai. Mun yi hakan, amma da aka ɗauke wuta sai ta manta, saboda ƙaramin batirin da ke riƙe mata agogo da saiti ya daɗe da mutuwa. Muka sake saitawa. Rubutu ya yi ta gudu a baƙin allo, can sai ga hoto ya bayyana, linzami yana motsi. Ihun da muka yi sai da malam ya leƙo.

Har yanzu ba ta kama intanet, babban batirinta ma ba ya riƙe caji. Amma wannan rubutu da kuke karantawa a kanta muka buga shi.

Mun san wasu za su ce ba ita ake amfani da ita a ofisoshi ba. Gaskiya ne. Kuma tsohuwar manhaja ba wurin shigar da lambobin banki ba ce, ko da ta hau intanet. To amma tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, kuma a cikinmu akwai 'yan aji shida da ba su taɓa riƙe linzami na minti goma ba, saboda mun fi kwamfutocin da ke aiki yawa. Wanda yake koyon inda haruffa suke a madannai, ina ruwansa da sunan manhaja?

Roƙonmu ga shugaban makaranta shi ne a buɗe mana siton, a ba mu sauran mu gwada su ɗaya bayan ɗaya, malam yana sa ido. Wadda ta tashi a mayar da ita ɗakin kwamfuta, wadda ta ƙi a cire kayanta a gyara wata. Mai son ganin ta farkon ya same mu ranar Alhamis bayan an tashi.