A Bar Kara-Kara Ta Riƙe Alƙalaminta

A shekarar 2021 sunan Kara-Kara ya fita duniya. Fim ɗin da Aïcha Macky, haifaffiyar Damagaram, ta shirya mai suna Zinder ya kewaya bukukuwan silima na Afirka da Turai, ya nuna unguwar da aka san ta tun asali a matsayin mazaunin kutare da waɗanda gari ya tura gefe. Mutane sun ga samarin ƙungiyoyin pale suna ɗaga ƙarfe, suna fasa dutse, suna safarar man fetur daga iyaka. Aiki ne na ƙwarai, kuma ƴar gida ce ta yi shi. Amma ban da shi akwai tarin rahotanni da bincike da ƴan jarida da ƙungiyoyin agaji suka rubuta kan wannan unguwa, kusan dukansu da Faransanci ko Ingilishi. Wanda ya shiga kasuwar Dole neman littafin Hausa guda wanda ɗan Kara-Kara ya rubuta da hannunsa game da rayuwarsa, zai sha yawo.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce a shirya bita. Kowa ya san kamanninta. A kama ɗakin taro mai sanyi, a rataya ƙyalle mai tambarin mai ba da kuɗi, a gayyato masani daga Yamai ya yi kwana uku yana bayani da Faransanci kan zubi da tsari da salo. Mahalarta su ne waɗanda suka halarci ta bara, kuma rabin hankalinsu yana kan kuɗin zama. Ranar rufewa a raba takardun shaida, a ɗauki hoto, a watse. Ba wanda zai tambaya bayan wata shida ko shafi nawa aka rubuta, balle a yi zancen wanda zai buga ko wanda zai saya. Irin wannan taro ya ciyar da masu otal da masu abinci, bai haifar da marubuci ba.

Abin takaici shi ne misalin da ya dace a bi yana nan kusa, tafiyar da ba ta kai kilomita 250 ba. A ƙarshen shekarun 1980, lokacin da tattalin arzikin Nijeriya ya durƙushe, manyan kamfanonin ɗab'i suka daina waiwayar sababbin marubuta, wasu matasa a Kano suka haɗa kai suka kafa ƙungiyoyi. Mafi shahara ita ce Raina Kama, wadda ta ƙunshi Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba. Ba su jira gwamnati ba, ba su jira Turawa ba. Suna zama su karanta wa juna abin da suka rubuta, su gyara wa juna, wanda ya riga ya buga littafi ya nuna wa na baya hanyar maɗaba'a, farashin takarda, mai zanen bango, da ɗan kasuwar da ba ya cin amana. A cikin littafin kowane ɗayansu ana jera sunayen littattafan sauran, don haka kowane littafi talla ne ga ɗan'uwansa. Ana raba labari kashi biyu ko uku, cinikin na farko ya biya kuɗin buga na biyu. Da wannan dabara In Da So Da Ƙauna, wanda ya fito a 1991, ya shiga gidajen da ba a taɓa ganin littafin hira a cikinsu ba, har ya tsallako iyaka ya iso Maraɗi da Damagaram.

Masu ilimin boko sun raina abin. Suka laƙaba masa suna adabin kasuwar Kano, aka shafe shekaru ana musayar yawu a jaridu tsakanin Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu kan ko ya cancanci a kira shi adabi. A 2007 har ƙona wasu littattafan aka yi a bainar jama'a a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Gaskiya ne akwai shirme da yawa a cikinsu, akwai kurakuran rubutu, akwai labaran da suka yi kama da juna kamar an tsaga kara. To amma a cikin wannan kasuwa ce Balaraba Ramat, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana yarinya, ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne, wanda yau ake karantawa a jami'o'i, an kuma fassara shi zuwa Ingilishi. Da an ce sai ta gabatar da takardar digiri kafin a ba ta kujera a wurin bita, da ba a same shi ba.

Za a ce Kano daban, Damagaram daban: can akwai masu karatun Hausa da yawa, nan kuwa makaranta da Faransanci ta reni mutane. Wannan hujja tana da nauyi, sai dai masu kawo ta sun manta tarihin garinsu. A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a Nijar, a 1973. A nan Yazi Dogo da abokansa, galibinsu malaman makaranta, suka raya wasan kwaikwayon Hausa da ya mamaye rediyo da talabijin na ƙasa. Yadda suke aiki shi ne ainihin abin da ake nema: a zauna tare, a tattauna jigo, kowa ya ɗauki rawarsa ya ƙaga maganarsa, a yi ta maimaitawa har wasa ya nuna. Illar kawai ita ce yawancin wasannin ba a mayar da su kan takarda ba, abin da ya rage yana cikin tsofaffin kaset da ƙwaƙwalwar dattawa. Manyan marubutan da garin ke alfahari da su kuwa, André Salifou mai wasan Tanimoune da Abdoulaye Mamani mai Sarraounia, da Faransanci suka rubuta. Ba laifinsu ba ne, zamaninsu ne ya zo da haka. Amma tsohuwar da ta san labarin Sarki Tanimu daga bakin kakarta ba ta iya karanta shi.

Akwai kuma darasin ranar 16 ga Janairun 2015, lokacin da masu zanga-zanga suka cinna wa cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar wuta a Damagaram. Duk wanda ke ƙaunar littafi ya ji zafin wannan rana. Sai dai ta tona wani asiri: babban gari kamar wannan, tsohuwar hedikwatar ƙasa har zuwa 1926, ya jingina rabon karatunsa da ƙofa ɗaya wadda mabuɗinta ke hannun baƙo.

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. An yi murna, an yi gardama. Doka dai ba ta rubuta littafi. Kamfanonin Albasa da Gashingo sun nuna tun shekarun baya cewa ana iya buga littattafai masu kyau da harsunan gida a Nijar, amma littafin da aikin tallafi ya biya yakan ƙare a sito ranar da tallafin ya ƙare.

Nauyin yana kan malaman Hausa da ƙungiyoyin al'adu, domin su ne suka san ƙa'idar rubutu kuma suka san unguwanni. Ba a buƙatar otal. Samarin fada sun riga suna taruwa kowane dare a kan tabarma da butar shayi, suna ba da labaran da suka fi na littattafai da yawa armashi, wasunsu suna tsara baitocin waƙa a waya. Malami ya je can, ranar da aka tsayar a kowane mako, da alli da takarda. Wanda ya iya boko ya rubuta da boko, wanda allo ya rena ya rubuta da ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba ya faɗa a rubuta masa, a sa sunansa a kai. Kada a fara da jan biro a kan ƙugiyar ɗ da ƙ; a bari labari ya tsaya da ƙafafunsa tukuna, gyara ya biyo baya. A yi adashi, duk wata a buga na mutum ɗaya, ko da shafi 24 ne na fotokofi, a kai wa mai tebur a tasha da bakin kasuwa, a roƙi gidajen rediyon gari su karanta shi da dare kamar yadda na Kano suka yi. Kuɗin abincin rana na bita guda ya isa a buga irin waɗannan ƴan littattafai na shekara.